Rauta Mai Ƙahoni Shida da Ɗakin Tsohuwa

Ka ce so kake ka sayo rauta, na'urar nan mai raba intanet, mafi ƙarfi a kasuwa, ka kafa ta a falonka, intanet ya wadaci gidan nan naku kaf. Kafin ka tafi, Sallau, bari in ba ka misali.

A cikin birnin Zariya an yi wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi, yana zaune a gidan gadonsu, irin tsohon ginin ƙasar nan mai kaurin bango, daga zaure sai soro, daga soro sai sashe bayan sashe. Shi ne babba, sashensa na bakin ƙofa. Ƙaninsa malamin makaranta yana tsakiya. Mahaifiyarsu kuwa tana can ƙuryar gida, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta. Autarta mace tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, ta haihu a can, aka sa wa jaririyar sunan tsohuwar. Tun daga ranar suna tsohuwa ba ta da buri sai ta ga takwararta. Matsalar ita ce sabis ba ya shiga ɗakinta. In auta ta kira ta bidiyo, sai a tallabo tsohuwa ana takawa da ita a hankali zuwa falon babban ɗanta, kafin ta isa hutun auta ya ƙare, ta koma bakin aiki. Ranar da aka dace kuma falon cike yake da baƙi, ga maganar jego ba a yin ta a gaban maza. Sai ɗan kasuwar ya tafi shagon masu na'urori ya ce a ba shi wadda ta fi kowace ƙarfi. Mai shagon ya tambaye shi yadda ginin gidan yake, ya ce ba zancen gini ya kawo shi ba. Ya ɗauko wata baƙa mai ƙahoni shida, ya ɗora ta a kan kabad. Sabis ya cika falo, ya cika zaure, har samarin unguwa suka fara jingina da katangar waje suna latsa waya. Amma yana ratsa bango na biyu sai ya raunana, kafin ya kai ƙofar tsohuwa ya mutu. Ɗan kasuwar ya mayar da rautar bakin taga, ya ɗaga ta kusa da rufi, ya karkata ƙahonin gabas da yamma, duk bai canja komai ba.

Ya koma shagon a fusace. Mai shagon ya ce ƙarfi ba ya huda bangon ƙasa, abin da irin gidan nan ke so shi ne ƙanana guda uku, wannan ta miƙa wa waccan, kuma dole ɗaya ta zauna a tsakiyar gida inda akwai wuta. Tsakiyar gida sashen ƙaninsa ne, shi ke da sola a wurin. Su biyun kuwa sun daɗe ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa a masallaci, tun da suka saɓa a kan wata ƙofa da ƙanin ya fasa ta bayan gida ba da shawarar yayan ba. Ɗan kasuwar ya sayo ƙananan na'urorin, ya tura kwalin ƙarƙashin gado, ya bar shi nan yana cin ƙura. Wata safiya ya shiga gaida mahaifiyarsa, ya tarar da ita ta ja jiki har bakin ƙofa, tana zaune a ƙasa, ta miƙa hannu da wayar sama iyakar ƙarfinta. Kiran auta ya shigo, hoton ya tsaya cak, babu murya, babu motsi, ba abin da ake gani sai gefen zani da goshin jaririya. Ya sa hannu zai karɓa ya gyara, ta janye ta ce, "Bar min haka, kada ya tafi. Goshin babanku ne da ita." Ta ci gaba da kallo har hasken wayar ya mutu, ba ta zargi kowa ba, ta dai tambaye shi ko ya karya kumallo.

Daga nan bai zarce ko'ina ba sai ɗakinsa, ya ɗauko kwalin. Ya tsaya a ƙofar sashen ƙaninsa ya yi sallama, abin da ya manta rabonsa da yi. Ƙanin ya fito, ya dubi kwalin, ya dubi yayansa, ya ce, "Yaya, na Inna ne?" Ya ce nata ne. Ƙanin ya shiga ya fito da tsani. Ɗaya ya hau, ɗaya ya riƙe. Suka kafa ta farko a falo, ta biyu a ƙarƙashin rumfar ƙanin, ta uku a saman ƙofar tsohuwa. Washegari da auta ta kira, tsohuwa na kan gadonta. Ta ga idanun takwararta, ta ji kukanta, ta kori 'ya'yanta maza waje, ta zauna tana yi wa auta faɗa a kan ruwan wanka da kunun kanwa. Har yau auta ba ta samu zuwa gida ba. Tsohuwa ba ta taɓa goya yarinyar ba, gilashin waya take shafawa da babban yatsa in suna hira. Amma ta ga haƙorinta na fari, ta ga rarrafenta, kuma yanzu yarinyar na gane muryarta.

Saboda haka, Sallau, kafin ka tambayi ƙarfin na'ura, zagaya gidanku ka ƙirga bango, ka duba waye a ƙurya, ka duba ta ƙofar wa za a bi kafin a kai gare shi. Magabata sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.