Masuncin da Ƙofar Teku Ta Ƙaurace Wa

Kai da kake cewa ka san hanya tun kafin a haifi wasu, matso nan ka ji abin da ya sami wani masunci.

A wani ƙauye na bakin teku yake, inda wasu ke su, wasu kuma sulu: su miƙe tsaye a kan dogon allo, igiyar ruwa ta sulalo da su har gaɓa, baƙi na zuwa daga nesa su koya. Gaban ƙauyen akwai tarin yashi kwance a ƙarƙashin ruwa, nan igiya ke fashewa, kuma kafa ɗaya tak ce kwalekwale ke bi ya wuce lafiya. Ita suke kira ƙofa. Ba ta da alama, ruwa ai ba ya riƙe zane. Mai dawowa daga su sai ya dubi gaɓa, ya saita wata doguwar bishiyar kwakwa da kusurwar ɗakin wannan masunci. In sun hau layi ɗaya, to ya kunna kai. Haka ubansa ya koya masa, shi ma haka ya koya wa rabin garin.

Sai wata damina teku ta haukace da rana tsaka. Ta shigo gari ba sallama, ta kwashe jirage da rumfuna, ta tafi da matarsa tana cikin shanyar kifi, ko ɗankwalinta ba a gani ba. Waɗanda suka tsira suka hau tudu suka kafa bukkoki. Shi kam ya ce ba inda za shi. Ya raɓa tabarma jikin kusurwar ɗakin nan, don ita kaɗai ruwa ya bari a tsaye, ita da bishiyar kwakwa. Kwalekwalensa kuwa can aka tsince shi cikin gonar rogo, haƙarƙari a farfashe. Ya jawo shi, ya zauna yana ɗinke shi katako bayan katako, yana toshe ɓaraka da tsumma da kwalta. Wallahi abin tausayi ne. Mutum ya dafa abinci, hannunsa ya ɗauko kwano biyu, sai ya mayar da ɗaya. Ba mai ce masa sannu da aiki, ba wanda zai yi wa faɗa. Kaɗaici ya ci shi har ya koma hira da jirgin, don duk duniya shi ya rage masa, hanyar abincinsa kuma abokin zamansa.

Masu sulu su suka fara komawa ruwa, kullum suna can suna shan faɗuwa. Ranar da masuncin ya gama gyara, ɗaya daga cikinsu, magidanci ne wanda ruwan ya ci ubansa, aminin masuncin, ya same shi yana tura jirgi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, yashin nan fa ya tashi daga inda ka san shi. Ka bari in nuna maka inda igiya ke karyewa yanzu." Tsohon bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ga kwakwa can, ga ɗakina nan. Ubanka ma ni na nuna wa ƙofa. Je ka yi wasanka." Kada ka ce girman kai ne zalla. Mutumin da aka ƙwace wa komai, in ka ce masa har abin da ya sani ma ya tafi, da me ka bar shi?

Da zai fita, teku a cike take, jirgi ya haye yashin ba tare da ya ji komai ba, ya ce a ransa, to ka gani. Allah kuwa ya ba shi sa'a, taru ya yi nauyi, rabonsa da murmushi tun kafin ambaliya. La'asar ta yi, ruwa ya janye, ya juyo gida. Ya saita kwakwa da kusurwar ɗaki daidai wa daida, ko gashi bai kuskure ba, ya danna filafili. Ji kake gum! Cikin jirgi ya daki yashi inda dā zurfi ne. Igiya ta zo ta baya ta ɗaga shi ta maka, ta sake ɗagawa ta maka, aikin watanni ya watse kamar an fasa ƙwarya. Masu sulun nan su suka tsamo shi, suka kwantar da shi a kan allonsu suka kawo gaɓa. Ƙofar kuwa tana nan sarai, jifa ɗaya daga inda ya karye, kowa na wucewa ta cikinta lafiya.

Suka roƙe shi ya bi su tudu. Ya zauna a jiƙe yana kallon katakansa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, yau ko wanda zai yi wa magana babu.

To, ka ji. Iliminsa bai yi ƙarya ba, na jiya ne kawai. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.