Layin da Ya Fito a Kan Alli

Kai da ke cewa ƙaramin aibi ba ya hana tafiya, tsaya ka ji. An yi wani mai gyaran injin mota a wani gari na bakin Sahara, shekara talatin yana aikin, hannunsa har rantsuwa ake yi da shi. Ƙanensa direban babbar mota ne, mai kai fasinja garuruwan gishiri, tafiyar kwana huɗu cikin rairayi. Ya sauke injinsa ya kawo wa Yaya. A ƙa'idar aikin, kafin a taɓa komai sai an wanke gangar injin da kananzir, a goge, a shafa mata alli. In akwai tsaga, kananzirin da ya maƙale ciki zai fito ya jiƙa allin. Shi kuwa gogan naka sai ya ce idonsa ya wuce alli. Ya kwana uku yana fafe ramukan fistin, ya goge su har suna ƙyalli, sannan ya wanke da kananzir, ya shafa allin don cika al'ada kawai. Sai ga layi ya fito, siriri kamar gashi, daga bakin rami zuwa hanyar ruwa. Ya gane tsaga ce. Amma ina zai sa kunya? Fasinja sun taru, ga shi ya riga ya cika baki a tasha. Ya sa babban yatsa ya share layin, ya ce a ransa wannan ai ba abin tada hankali ba ne. Da ƙanen ya tambaya, "Yaya, lafiya dai?" ya ce, "Sabo fil. Allah ya kiyaye hanya."

Kwana biyu motar na gudu lafiya lau. Rana ta uku zafi ya buɗe tsagar, injin ya fara shan ruwa. Direba ya juye jarka ɗaya a lagireto, ya juye ta biyu, yana cewa aikin Yaya ne, ba zai ba shi kunya ba, su dai lallaɓa zuwa rijiya ta gaba. Haka ruwan shansu ya ƙare a cikin ƙarfe. Bayan kwana tara masu raƙuma suka iske su, mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashin motar, babu mai numfashi. Wayyo! Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa ƙaddara ce, shi kuwa mai gyaran yana zaune yana kallon babban yatsansa, bai taɓa gaya wa kowa ba sai da ya zo gargara. Shi ya sa Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.