Sabar Da Ke Neman Hutu

"Wallahi ba za a sa mana wani mai gadi a tsakiya ba!" in ji babban injiniyan kamfanin motocin, yana buga allo. "Tashoshinmu huɗu ne. Manhajar kowace tasha ta shiga rumbun bayanai kai tsaye, ta kama wa fasinja kujera."

Sabuwar injiniya ta ce, "Ranka ya daɗe, in tasha biyu suka kama kujera ɗaya lokaci guda fa? Gara mu sa saba, wato kwamfuta mai tsara layi, a tsakiya, ta riƙa karɓar buƙatu ɗaya bayan ɗaya."

"Ke yarinya ce. Shekara biyu tsarina yana aiki. Kin taɓa jin an yi dambe kan kujera?"

Manajan kamfanin ya ɗauki biro zai sa hannu a ci gaba da tsarin babban injiniya.

Sai tsohuwar sakatariya, wadda kowa ke ce wa Goggo, ta kife wayarta a tebur. "Manaja, ina neman hutun wata guda."

"Goggo, maganar fasaha ake yi."

"Ita nake yi ni ma. Tun makon farko manhajar Oga injiniya ta ba mutum uku kujera ɗaya, masu yankan tikiti suka daina taɓa ta. Ni suke kira. In duba rumbun, in rubuta, in ce wa na gaba ya jira layinsa."

Babban injiniya ya saki baki.

Goggo ta dubi sabuwar injiniya. "'Yata, kawo sabar nan taki da wuri. Shekara biyu ke nan ko barka ban je ba."