Hukuncin Saniyar Gwaggo Asta

Mutum goma sha ɗaya ne suka sauke wasan a wayoyinsu cikin wata guda, bakwai daga cikinsu kuwa 'yan gida ne.

Shekara guda Nafi'u ya yi yana haɗa wasan a shagonsa na gyaran waya a Kaura Namoda. Garken Baffa sunansa: ka koro shanu daga Zurmi zuwa kasuwar Shinkafi ba tare da ko ɗaya ta faɗa gonar mutane ba. Duk wanda ya fara bugawa sai tuwonsa ya huce. Matsalar tana ga ɗan hoton da ke gaban wasan a kantin manhajoji, wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Harafin G kawai aka sa, jama'a na ta wucewa abinsu.

Ƙanwarsa Zulaihat, wadda ta zana kowace saniya da kowace zangarniyar gero a wasan, ta kawo sabo: fuskar farar saniya ta cika hoton, manyan ƙahoni, ido ɗaya na hararar mai kallo. Ba ta ƙara komai ba.

Nafi'u ya taɓe baki. Shi ya riga ya sa manhajar nan mai zane da kanta ta yi masa nasa: bijimi mai jajayen idanu yana hura wuta ta hanci, walƙiya ta ko'ina, ga makiyayi riƙe da takobi. Ya nuna a majalisar ƙofar shago, ya cika baki son ransa a gaban Maccido, mai sayar da taya, wanda ba ya manta maganar da mutum ya yi ko bayan shekara goma. Har ya ƙara da cewa tunda inji na zane cikin minti ɗaya, kashi na biyu na wasan ba ya bukatar mai zane.

Wannan maganar ta yi wa Zulaihat ciwo ƙwarai. Zanen nan shi ne aikinta, ba ta da wani.

Ranar Alhamis Nafi'u ya je kasuwar Shinkafi da hotunan biyu a waya, wai zai ji ra'ayin direbobin tasha. Da ya dawo, ko furarsa bai shanye ba. Da Zulaihat ta tambaye shi abin da suka ce, sai ya amsa mata da cewa direbobi ba su san fasaha ba.

Washegari ya fito da sabuwar dabara a majalisa.

“Mutane son kai gare su,” in ji shi. “Mu tahi Gurbin Bore, saniyar Gwaggo Asta da aka zana ta yi muna hukunci. Wanda ta zaɓa shi za a sa. In nawa ta ɗauka, Zulai ta aje alƙalami.”

Maccido ya yi dariya har da hawaye, ya ce da shi za a je, shi ne shaida. Zulaihat ta yarda don babu yadda za ta yi, amma ta san yayanta. Mutumin da ya taɓa ɓoye ɗan dara a hula ba zai kai ƙara gaban saniya hannu sake ba.

Da kansa ya je aka buga hotunan manya a kwali. A hanyar tasha ya ratse kasuwa ya fito da ƙullin baƙar leda, ya ce sautun Gwaggo ne. A mota ma ya rungume kwalayen, ya hana kowa taɓawa.

Gwaggo Asta, yayar mahaifinsu da ta tsufa cikin shanu, ta saurari shari'ar ba ta ko murmusa ba. Nafi'u ya zagaya bayan rumbu ya kafa kwalayen a kan sanduna biyu. Kafin a kwance saniyar, Zulaihat ta ɗaga hannu.

“Gwaggo, a duba hoton Yaya tukuna. Ban yarda da shi ba.”

Gwaggo ta shinshina hoton bijimin gaba da baya, ta shafa, har ta ɗanɗana yatsa. Ta ce ba komai sai warin tawada. Nafi'u ya yi fuskar wanda aka zalunta.

Aka saki farar saniya. Ta taka a hankali, ta tsaya gaban bijimin wuta. Saniyar ta dube shi, ta kaɗa kunne, ta juya ta nufi ɗaya kwalin, ta hau lasa. Ba ta daina ba sai da ta lashe ƙaho ɗaya da rabin hanci.

Maccido ya zauna a kan turmi yana riƙe da ciki don dariya. Nafi'u ya yi ta ƙorafi, saniya ba ta san fasaha ba, rana ta haske mata ido, amma alkawari alkawari ne. Nan take ya hau tudu inda ake samun sabis, ya ɗora zanen Zulaihat a kantin manhajoji. Ita kuwa ta rungume wuyan saniyar tana dariya tana share hawaye.

Suna shirin tafiya saniyar ta bi Nafi'u tana lasar masa hannu, yana ture ta. Gwaggo ta miƙo masa buta, ta jira sauran suka yi nisa, sannan ta rage murya.

“Wanke hannunka, ɗan nan. Kuma in za ka sake shafa ma hoton Zulai kanwa, ka rage yawa, kar ka ɓata ma saniyata ciki.”