Sanarwar Mutuwar Baba Ojediran

Moradeke ta faɗo kicin ɗin kakarta a Ibadan tana tsalle, waya a hannu.

"Mama Agba, a ɗora tukunyar biki! Dangi sun hana ni auren Gbolahan jikan kishiyarki, wai kakanmu ɗaya, mijinki Baba Ojediran, mu Yarbawa kuwa ba ma auren zumunci. Sati uku ina tonon tsofaffin jaridu, yau ga sanarwar mutuwarsa: 1958! Babana kuwa sai 1961 kika haife shi. Ashe ba jininmu ɗaya ba!"

Muciyar amala ta suɓuce daga hannun tsohuwa.

"Ke 'yar nan, wa kika nuna wa?"

"Ba kowa," in ji Moradeke, tana taka rawa. "Zauren WhatsApp na dangi kawai na tura."

Wayar tsohuwa ta fara ruri.