Mutum-mutumin Joda

Almustapha ya hure faifan kwamfutar da ya iso masa, ya goge shi da bakin riga, ya cusa a kwamfuta. Har yanzu warin shanu yake yi.

Kwamfutar ta wani shagon buga takardu ce a unguwar Bolewa, inda yake yini shi kaɗai. A cikinta akwai wani wasa: ka ƙera mutum-mutuminka na faɗa, ka tsara masa yadda zai kai hari da yadda zai kauce, sannan ka kulle shi kada abokin karawa ya leƙa cikinsa. A allo duk kamarsu ɗaya, ’yan akwatuna masu bindiga. Sai a fage ake gane halin kowa.

Abokinsa Joda ne ya koya masa. Da Joda ya koma Legas a 1997, kaf Potiskum ba wanda zai zauna kallon akwatuna suna harbin juna. Sai suka yi shiri: Almustapha ya sa nasa a faifai, Shehu direban tirelar shanu ya kai, Joda ya goge ya ɗora nasa a gurbinsa da suna iri ɗaya, Shehu ya dawo da shi. Faifai na kama hanya Almustapha yake soma ƙera sabo, don ya tarbi baƙon.

Bayan Sallar layya sai na Joda ya fara tunani irin nasa. Inda shi zai laɓe, nan yake laɓewa. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, ashe akwai wanda ya san shi haka a duniya. Sai dai fa kullum sabon na Almustapha ke yin nasara, kuma wa ke son shan kashi kullum? Tsoro ya kama shi kada Joda ya gaji ya daina. In ya daina, shi ke nan, ba shi da kowa.

Sai ya rage wa nasa ƙarfi da gangan ya aika, Joda ma ya ɗanɗana nasara. Wanda ya dawo rago ne. Ya ƙara ragewa, ya sake aikawa.

Na yau kuwa ko faɗan bai yi ba. Ya maƙale a kusurwa yana ’yan harbe-harben iska har aka tarwatsa shi. Almustapha ya zauna yana kallon allon. Wato Joda ya daina ma ɓata lokacinsa a kai, sallamarsa kawai yake yi.

Ya rufe shago da rana tsaka ya nufi kasuwar shanu. Ya tarar da Shehu tsaye ana loda masa bijimai.

“Malam Shehu, ajiye mini wuri a gaba. Wannan karon da ƙafata zan je in ji laifin da na yi masa.”

Shehu ya cire hula ya sosa kai.

“Ɗan’uwa, ka yafe mini. Tun Sallar layya Joda ya tashi, ba wanda ya san inda ya nufa. Na ga yadda kake tsayuwa jirana, sai na ji nauyin gaya maka. Faifanka a aljihun mota yake zuwa Legas, a nan yake dawowa.”