Ɓeran Layin Ƙasa

Wata na'urar ta sake mutuwa, ga gwajin jami'a ya ƙarato.

Junaid ya dafe kai a tsakar gidansu da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Aikin digirinsa ne rataye a bango: allo mai ƙananan na'urori jere kamar tayil, yana karkato da sabis zuwa ɗakin da salula ba ta kamawa. Kowace na'ura tana miƙa umarni ga maƙwabciyarta. Da ɗaya ta mutu, saƙo ya tsaya cak. In haka ta faru gaban malamai, shekararsa ta tafi a banza.

Dole ya kira Rabi, 'yar ajinsu da ke Tarauni, wadda ke rubuta tsarin kwamfuta da zai sa saƙo ya kewaye matacciyar na'ura. Kai, Junaid! Zai wuni yana zuba bayanin lantarki, amma Rabi na cewa "sannu" sai bakinsa ya mutu.

Tana sauka daga adaidaita, mahaifiyarsa Hajiya Saratu, 'yar gajeruwa mai fara'a, ta tarbe ta da dambun shinkafar da ta ɗora tun da safe.

Rabi ta gyara. Kwana biyu, wata ta sake mutuwa. Kullum 'yar wayar lantarki ce ke ɓacewa, kullum a layin ƙasa na allon. Junaid ya rantse ɓera ne, ya ɗana tarko, ko jela bai kama ba.

"Ɓerayen zamani sai addu'a," in ji Hajiya, tana ƙara wa Rabi zoɓo.

Rabi ta yi ta zuwa. Tsarinta na ƙara wayo, bakin Junaid na ƙara buɗewa.

Ranar gwaji, wani farfesa mai tsauri ya fizge wayoyi daga allon da hannunsa, ya harɗe hannu yana jira. Junaid ya tura saƙo. Saƙo ya iske hanya a toshe, ya haura sama, ya kewayo, ya isa. Wallahi saura kaɗan Junaid ya taka rawa gaban malamai.

Bayan sallah aka ɗaura auren Junaid da Rabi. Ranar da amarya ta tare, Hajiya ta miƙa wa ango gwangwanin madara. Ya buɗe: 'yan wayoyi ne cike fal.

"Da na tsaya jiran bakinka, da tuni wani ya ɗauke ta," ta ce. "Na layin sama ne dai hannuna bai kai ba."